Darasi na Tara: Kowace Na'ura da Irin Saitinta

A darasin da ya gabata kun koyi rubuta wa kwamfuta saitin sadarwa da hannu: adireshin IP, da lambar da ke shata iyakar sadarwar, da adireshin ƙofar fita zuwa intanet, da na sabar DNS mai mayar da sunaye lambobi. Aikin ba shi da wuya muddin kwamfutocin uku ne ko huɗu. To amma ku ɗauki wata cibiyar koyar da kwamfuta mai kwamfutoci 40, da firinta biyu, da kamarorin tsaro shida, da wayoyin tebur huɗu irin masu bi ta kebul ɗin sadarwa, ga kuma wayoyin ɗalibai da na baƙi suna hawa waifai suna sauka tun safe har magariba. Babu ma'aikacin da zai iya bin waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Ko ya iya, wata rana sai ya ba na'ura biyu adireshi ɗaya, a wuni ana neman inda matsalar take.

Bugu da ƙari, na'urorin ba abu ɗaya suke bukata ba. Firinta tana son adireshin da ba ya canzawa, domin duk kwamfutocin ajin da wannan lambar suka san ta. Wayar tebur tana son a gaya mata inda za ta ɗauko fayil ɗin saitinta. Kamara ba ta da wani aiki a intanet, aikinta ta tura hoto zuwa na'urar ajiya da ke ofis. Wayar baƙo kuwa adireshi na ɗan lokaci ya ishe ta. Darasin yau a kan yadda za a sa rauta ta yi wannan rabo da kanta ne, da kuma inda rabon yake tsayawa, wanda shi ne ɓangaren da masu koyo suka fi tsallakewa.

Yadda ake aron adireshi

Tsarin da ke wannan aiki shi ne DHCP. An fara wallafa ƙa'idarsa a 1993, aka sake fitar da ita a watan Maris na 1997 a takardar RFC 2131, wadda Ralph Droms na Jami'ar Bucknell a Amurka ya rubuta, kuma har yau a kanta ake tafiya. Ya gaji wani tsari mai suna BOOTP na 1985, wanda sai an rubuta kowace na'ura da adireshinta a jeri tukuna kafin ta samu. Sabon abin da DHCP ya zo da shi shi ne aro: a ba na'ura adireshi zuwa wani wa'adi, in ba ta dawo ta sabunta ba a karɓe a ba wata.

Maganar tana tafiya ne a saƙo huɗu. Da an kunna na'ura, ba ta da adireshi, ba ta kuma san kowa ba, sai ta yi shela ga duk wanda ke kan sadarwar cewa tana neman saba. Saba ta amsa da tayi. Na'ura ta ce ta karɓi tayin, ita ma cikin shela, domin in akwai wata saba da ta yi tayi ta san ba a ɗauki nata ba. Sai saba ta tabbatar. Duk wannan ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi. A gidaje da ƙananan ofisoshi sabar tana cikin rauta ne, shi ya sa mutane da yawa ba su ma san da ita ba.

Abin da ya shafi darasinmu yana cikin waɗannan saƙonni. Kowanne yana ɗauke da gurabe masu lamba, kowane gurbi da abin da ake sa masa. Gurbi na 1 na iyakar sadarwa ne, na 3 na ƙofar fita, na 6 na DNS, na 51 na tsawon wa'adin aro. Waɗannan saba ce ke cika su. Akwai kuma waɗanda na'ura ke cikawa tun a shelarta ta farko, tana faɗin ko ita wace ce. Sabar da ta iya karanta su za ta iya ba kowa amsa daban.

Da me ake gane na'ura

Abu na farko shi ne adireshin MAC, lambar da ke manne da katin sadarwa tun daga masana'anta. Gida shida ne, kowane gida da alama biyu, kamar 00:15:65:a1:b2:c3. Gidaje ukun farko na kamfani ne, hukumar IEEE ce ke raba su. Wanda ya fara da 00:15:65 na kamfanin Yealink ne mai yin wayoyin tebur, wanda ya fara da b8:27:eb na ƙaramar kwamfutar nan ce Raspberry Pi. Ana iya amfani da shi ta fuska biyu: a rubuta lambar gaba ɗaya don a keɓe wa na'ura guda adireshinta na dindindin, ko a rubuta gidaje ukun farko kawai don a kama duk kayan kamfani ɗaya. Sai dai manyan kamfanoni ba lamba ɗaya gare su ba. Ita kanta Yealink tana da wasu wayoyin da ke farawa da 80:5e:c0, don haka a juya na'ura a karanta takardar da ke ƙarƙashinta kafin a rubuta doka.

Na biyu shi ne gurbi na 60, inda na'ura ke faɗin jinsinta. Kwamfuta mai Windows tana rubuta MSFT 5.0, kuma haka take yi tun daga Windows 2000 ba a canza ba. Wayar Android tana rubuta android-dhcp sannan lambar sigarta, misali android-dhcp-13. Ƙananan na'urori da yawa masu Linux a ciki suna rubuta udhcp. Kwamfutar da aka saita ta tashi daga sadarwa, ba daga faifanta ba, tana rubuta kalmar da ta fara da PXEClient. Wayoyin iPhone kuwa galibi ba sa cika wannan gurbi sam.

Na uku gurbi na 77 ne, shi kuma mai kula da sadarwa ne ke sa masa abin da ya ga dama. Amfaninsa zai fito fili idan kuka lura cewa MSFT 5.0 ba ya bambanta kwamfutar aji da laftof ɗin baƙon da ya shigo neman waifai, duka Windows ne. Idan aka je kowace kwamfutar aji aka buga wannan umarni sau ɗaya:

ipconfig /setclassid Ethernet aji

daga ranar za ta riƙa gabatar da kanta da kalmar aji, laftof ɗin baƙo kuwa ba zai yi ba.

Akwai wata hanya ta huɗu da manyan ma'aikatu da kamfanonin sayar da intanet ke bi, wato gurbi na 82. A nan suwici ne ke ƙara bayanin ramin da aka soka kebul a cikinsa, ba na'urar ce ke magana ba. Ku riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Rubuta dokokin

Za mu yi misali da dnsmasq, manhajar da Simon Kelley ya rubuta, wadda ke cikin rautoci masu tarin yawa, har da masu manhajar OpenWrt. Mun zaɓe ta ne don layukanta gajeru ne, ana karanta su a gane. Tunanin iri ɗaya ne a sauran: Windows Server tana da manufofin DHCP tun daga fitowar 2012, MikroTik na da nata a RouterOS 7, haka Kea, wadda ta gaji tsohuwar sabar ISC da aka daina kula da ita a ƙarshen 2022. Duk wanda zai kafa sabuwar saba yau, kada ya fara da waccan tsohuwar ko da ya ga littattafai cike da misalanta.

Aikin mataki biyu ne. A fara liƙa wa na'ura alama, sannan a ce mai alama kaza a ba shi kaza. A ce sadarwar cibiyarmu 192.168.10.0 ce, rauta tana kan 192.168.10.1, kuma muna da adireshi 254 da za a iya amfani da su. Ga alamomin:

dhcp-userclass=set:aji,aji
dhcp-mac=set:tebur,00:15:65:*:*:*
dhcp-host=00:00:5e:00:53:01,192.168.10.11,firinta1
dhcp-host=00:00:5e:00:53:21,set:kamara,192.168.10.21

Layin farko ya ce duk mai kalmar aji a gurbi na 77 a liƙa masa alamar aji. Na biyu ya kama wayoyin tebur ta gidajen farko na MAC ɗinsu. Na uku ya keɓe wa firinta lamba 11 har abada. Na huɗu ya keɓe wa kamara lamba 21, ya kuma liƙa mata alama. (Lambobin MAC na layuka biyun ƙarshe na misali ne, ku sa na na'urorinku.) Sai rabo:

dhcp-range=tag:aji,192.168.10.50,192.168.10.99,24h
dhcp-range=tag:tebur,192.168.10.30,192.168.10.39,24h
dhcp-range=192.168.10.150,192.168.10.249,2h
dhcp-option=tag:tebur,66,"192.168.10.5"
dhcp-option=tag:kamara,3

Layi na uku ba shi da alama, shi ne na kowa da kowa: duk na'urar da ba ta faɗa cikin wani rukuni ba nan za ta sauka, da aron awa biyu. Layi na huɗu yana cika wa wayoyin tebur gurbi na 66 da adireshin kwamfutar da fayilolin saitinsu suke. Da haka, sabuwar waya daga kwali, a soka mata kebul kawai, ta je ta ɗauko lambarta da sunan mai ita. Wayoyin Cisco gurbi na 150 suka fi nema don wannan aiki, sai a duba littafin wayar. Layin ƙarshe ku dube shi da kyau: gurbi na 3 ne ba a rubuta komai a gabansa ba. Ma'anarsa kada a gaya wa kamara ƙofar fita. Za ta ci gaba da magana da na'urar ajiya da ke cikin gida, amma ba ta san hanyar intanet ba, balle ta cinye datar da aka saya da tsada.

Tun da an zo maganar data, akwai wata dabara da ta cancanci a sani. Idan saba ta aika wa wayar Android kalmar ANDROID_METERED a gurbi na 43, wayar za ta ɗauki wannan waifai a matsayin mai ƙidayar data, ta jinkirta manyan saukarwa na bayan fage. Haka ma wayar Android ke gaya wa 'yar'uwarta idan aka kunna mata hotsifot. Ga cibiyar da intanet ɗinta na layin waya ne, layuka biyu sun wadatar:

dhcp-vendorclass=set:android,android-dhcp
dhcp-option-force=tag:android,43,ANDROID_METERED

Wajen ɗora wa kwamfutoci 40 manhaja lokaci guda ta hanyar PXE, wato tayar da su daga sadarwa, ma ana bukatar irin wannan rabo. Tsofaffin kwamfutoci masu BIOS suna rubuta 0 a gurbi na 93, sababbi masu UEFI galibi 7, kuma fayil ɗin da ke tayar da wannan ba ya tayar da waccan. Ɗakunan kwamfuta da yawa a wajenmu gauraye suke, an sayo wasu sababbi, wasu na hannu, sai a ga rabin ɗaki ya tashi rabi ya tsaya da baƙin allo. Maganin a raba su ta gurbi na 93 a ba kowane rukuni nasa fayil.

Lissafin wa'adi

Me ya sa awa biyu ga baƙi, awa 24 ga aji? Rukunin baƙi daga 150 zuwa 249 adireshi 100 ne. A ce a rana wayoyi 300 ke ratsawa, amma ba a taɓa samun fiye da 60 lokaci guda ba. In aron na awa 24 ne, wayar da ta zo da safe ta tafi bayan minti goma tana riƙe da lambarta har gobe, kafin azahar an raba ɗarin duka. Wanda ya zo bayan nan zai ga waya tana cewa tana neman adireshi ba ta gamawa, ya ce netiwok ne babu, alhali intanet lafiya lau yake. Da aron awa biyu lambobin na dawowa da wuri. Windows Server kwana 8 take bayarwa in ba a taɓa saitin ba, wannan ya dace da ofishin da kwamfutocinsa ba sa motsi, bai dace da waifan jama'a ba ko kaɗan.

Gajeren wa'adi ba ya katse wa kowa aiki. Ƙa'idar ta ce idan rabin wa'adi ya wuce na'ura ta nemi sabuntawa wajen sabar da ta ba ta. In ba ta sami amsa ba, da an ci kashi 87.5 cikin ɗari sai ta yi shela ga kowace saba. A aron awa biyu, bayan awa ɗaya ke nan, sannan bayan awa ɗaya da minti 45.

Sai batun wuta, wanda littattafan ƙasashen waje ba su cika damuwa da shi ba. Idan aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, firinta kan riga rauta tashi. Ta yi shela ba wanda ya amsa, sai ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254. Duk inda kuka ga wannan lamba, ma'anarta ɗaya ce: na'urar ba ta sami saba ba. Wasu na sake nema da kansu, wasu sai an kashe an kunna. Sannan wasu rautocin, kamar masu OpenWrt, a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke ajiye jerin aron, da wuta ta tafi ya goge. Saboda haka rauta da suwici su ne farkon abin da ya kamata a ɗora a kan UPS ko inbata, kafin kwamfutar shugaba.

Inda dabarar ta tsaya

Saba kamar mai masaukin fatake take. Baƙo ya ce shi ɗan goro ne, a kai shi ɗakin 'yan goro, ba wanda ya kwance kayansa ya duba. Duk abin da ke gurbi na 60 da na 77, har da MAC, na'urar ce ta faɗa da bakinta, kuma duk ana iya canza su cikin minti ɗaya. Ɗalibin da ya ga umarnin da muka buga ɗazu zai iya buga shi a laftof ɗinsa ya shiga rukunin aji. Wanda ma bai damu da wannan ba zai iya rubuta wa kansa adireshi da hannu, kamar yadda kuka koya a darasin baya, ya tsallake sabar gaba ɗaya. Kamarar da muka hana ƙofar fita, duk mai kalmar sirrinta zai iya rubuta mata ƙofar.

Wayoyin zamani ma da gangan suke ɓoye MAC ɗinsu na ainihi, don kada a riƙa bin diddigin masu su. Android ta mayar da haka abin da waya ke yi da kanta daga sigar 10 ta 2019, Apple ta biyo baya da iOS 14 a 2020. Kowace waifai da lambar da waya ke ƙirƙira mata. Ana gane irin wannan lamba ta alama ta biyu a gidan farko: in 2 ce, ko 6, ko a, ko e, to ba ta masana'anta ba ce. Wannan ya kashe dokar da ke neman gane waya ta sunan kamfaninta. Har yanzu tana aiki ga firinta, da kamara, da wayar tebur, da kwamfuta mai kebul.

Hukuncina a nan shi ne, rabon DHCP na tsari ne da sauƙin aiki, ba na tsaro ba. Duk inda asara za ta iya biyo baya, kamar kwamfutar lissafin kuɗi, ko na'urar POS, ko kwamfutocin jarrabawa, to a raba sadarwar kanta ta hanyar VLAN a suwici, a ba baƙi waifai daban da kalmar sirri daban, a sa doka a rauta ta hana wannan ɓangare shiga wancan. A irin wannan tsari ramin da kebul ya shiga ne ke yanke hukunci, shi ya sa gurbi na 82 ya fi sauran aminci: mai na'ura ba shi ne ke rubuta shi ba.

Dokoki biyu ke fitowa daga nan. Rukunin kowa da kowa shi ne zai zama mafi ƙarancin gata, domin duk wanda ba a gane ba can zai faɗa. Ana yawan juya wannan: a bar kowa da cikakkiyar dama, a rubuta dokar takura wa Android kaɗai, sai mai iPhone ya wuce abinsa tunda bai faɗi komai ba. Ta biyu, kada rukunai su yi yawa. Huɗu ko biyar da aka rubuta a littafin ofis, da dalilin kowanne, sun fi goma sha biyar da mutum ɗaya ne kawai ya san kansu, ranar da ya bar aiki a rasa mai taɓawa.

Wata matsala kuma da ba ta da alaƙa da dokokinku: wani ya kawo ƙaramar rautarsa daga gida ya soka a bango don ya sami waifai a ofishinsa, ya kuma soka kebul ɗin a ramin da bai dace ba. Yanzu saba biyu ke amsa shela, na'ura kuwa yawanci tayin da ya fara isowa take ɗauka. Alamarsa ita ce a ga wasu kwamfutoci da adireshi irin 192.168.0.x ko 192.168.1.x, alhali naku 192.168.10.x ne. Umarnin ipconfig /all zai nuna adireshin sabar da ta ba da aron. Suwici mai saiti yana da hanyar toshe amsar duk wata saba in ban da wadda ke ramin da aka amince da shi.

Aikin yi

Kada ku rubuta doka a kan zato. Ku ƙara layin log-dhcp a dnsmasq, ko ku buɗe Wireshark ku tace da kalmar dhcp, sannan ku kunna na'urori uku mabambanta ɗaya bayan ɗaya. Ga kowacce ku rubuta MAC ɗinta, da abin da ta sa a gurbi na 60, ku kuma faɗi ko MAC ɗin na masana'anta ne ko ƙirƙirarre.

Sannan ku amsa waɗannan a littafinku. Wani asibiti yana da adireshi 50 na masu jinya da 'yan dubiya, mutum 200 ke ratsawa a rana, kowa na yin kamar awa ɗaya: wane wa'adi za ku ba su, kuma don me? Wayar tebur ta sami adireshi a rukunin baƙi maimakon nata: me za ku fara dubawa? Shugaban cibiya ya ce a hana wayoyin ɗalibai kaiwa ga kwamfutar lissafi ta hanyar dokar gurbi na 60: me za ku gaya masa?

Ku zo da amsar tambaya ta ƙarshe a rubuce, domin da ita za mu buɗe darasi na goma a kan VLAN.